Hancin Gwaggo da Injin Sitika

Tun ranar da Manaja ya kawo injin buga sitika, kicin ɗin nan bai sake zama lafiya ba. Ɗan abu ne kamar sabulun wanka, amma wai shi zai gyara aikin da Gwaggo, shugabar masu girki, ta yi shekara ashirin tana yi. Robar gishiri ta samu sitika, ludayi ya samu, har ƙofar firji sai da aka liƙa mata "Firji", ko don kada ta manta kanta.

Dokar Manaja guda ce: duk abin da ya shigo a buga masa ranar shigowa da ranar zubarwa, kuma abin da sitika ta ce shi ke nan, ba musu.

Ranar Laraba suna da abincin rana na mutum ɗari biyu a wani taro. Gwaggo na buɗe robar kifi ta ja da baya saboda wari. Ta tsare direban da ya kawo shi, ya yi ta sosa ƙeya, da kyar ya amsa cewa motar sanyi ta mutu a hanya, kifin ya wuni cikin zafi kafin ya iso jiya.

Ta samu Manaja ta gaya masa. Ko sunkuyawa bai yi ba, yatsa kawai ya ɗora kan sitika.

"Gwaggo, karanta mana. Sai Juma'a zai lalace."

"Ranka ya daɗe, kifin bai iya karatu ba."

Ya ce zamanin shinshine-shinshine ya wuce, a soya, in kuma ba za ta iya ba akwai masu neman aikin. Ya shige ofis da waya a kunne.

Gwaggo ta tsaya ranta na tafasa. In ta soya, mutum ɗari biyu za su yi ciwon ciki, kuma girkinta za a zaga. In ta ƙi, aikinta ya tafi. Sai ta ɗauki injin da ta rantse ba za ta taɓa ba, ta sa tabarau, ta yi ta dangwala da yatsa ɗaya har ya tofo "YA LALACE, A ZUBAR". Ta manna a kan tsohuwar, ta koma yankan albasa.

Manaja na fitowa ya gani, ya yi salati, ya sa aka kwashe kifin, aka ruga sayen kaji. Ko wanda ya buga bai tambaya ba.

Da aka dawo daga taron ya tara ma'aikata, ya ɗaga injin sama, ya ce yau kam wannan ya rufa musu asiri. Aka tafa. Ya juyo wajen Gwaggo da murmushi.

"Kin gani ko? Ki dinga koyo."

Ta ce to. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don tun Manaja na yaro yana zuwa da kayan makaranta take zuba masa abinci a kicin ɗin nan. Ta cire tabarau ta je wanke hannu.