Bidon Ruwan Tsuntsaye

Wasila na tsakar daka Mushe Alamin, malamin lakwal, wato makarantar bokon unguwarsu, ya yi sallama a bakin darni. Kurciyoyi biyu ne a hannunsa, ƙafafu sama, sun sandare.

"Inna Wasila, gidanku na kallon hilin lakwal. Don Allah, ba ki ga kowa ba wurin kaskon ruwa?"

Ta jingine taɓarya, ta saci kallon gidan da ke maƙwabtaka da nata.

"Ni dai ban son a ce ni nac ce. Amma da asuba na ga tsoho Takama duƙe bisa kaskon ga, da gora ga hannunai."

Mushe Alamin bai ƙara tambaya ba. Sunan kawai ya isa.

Wata biyu ke nan da malamin ya tada 'yan ajinsa suka gyara bayan lakwal. Suka dasa magarya da aduwa, suka rataya ƙwarya a rassan dogon yaro don tsuntsaye su yi sheƙa, suka tara duwatsu wai gidan bushiya da ƙadangare. A tsakiya suka binne babban kasko, Raihanatu 'yar Wasila aka ba aikin cika shi kowace yamma, da wani bido, jarkar roba ruwan ɗorawa, da ubanta Awal ya bari kafin ya tafi cin rani. Yarinya ta ɗauki abin kamar sarauta, ko tuwo ba ta ci sai ta kai ruwan.

Mutanen gari suka yi dariya suka wuce. Takama ne kaɗai bai yi dariya ba. Tsohon da ya ƙare rayuwarsa yana korar tsuntsu daga gero da majajjawa, yanzu a ce a gefen gonarsa ake yi musu shimfiɗa? A dandali ya ce, "Bana in sun gama shan ruwa, hatsin wa za su ci? Na Mushe?" Kowa ya ji, kowa kuma ya tuna da maganar ranar da aka fara tsintar gawar tsuntsaye.

Takama yayan mahaifin Awal ne, wato suruki ne ga Wasila. Tun da aka kawo ta gidan ba su taɓa haɗa ido ba, bare magana. Idan suka yi kiciɓis a hanya sai ta durƙusa ta kau da kai, shi kuma ya gaida bango. Don haka duk abin da ke ranta a kansa, a ciki yake ruɓewa.

Kwana kaɗan bayan zuwan malamin da kurciyoyin, bidon ya yi ɓatan dabo daga gindin randa. Raihanatu ta yi kuka har da majina. A ƙasa kuwa ga sawun takalmin taya da ɗigon sanda, sun nufi gidan tsoho. Wasila ta tsaya a kansu ranta na tafasa. Bai ishe shi ya kashe tsuntsaye ba, sai ya bi yarinya har gida? Ta ba 'yar tsohon tulu, ta kuma tabbatar labarin ya kai rijiya kafin azahar.

Diraktan lakwal ya aika wa maigari da ƙarar tsohon. Yara suka fara yi wa tsohon waƙa ta bayan darni. Bai musa ba, bai kuma amsa ba. A makon nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, tsuntsaye kuma suka daina mutuwa.

"To, kun gani?" in ji Wasila ga matan rijiya. "Tun da yak kwanta, ko guda ba a tsinta ba."

Kunu dai tana aikawa, don kada a ce. Amma ko da ta shiga dubiya, daga bakin ƙofa ta tsaya, idonta na yawo a kan buhuna da ƙullin tsumma, tana neman inda yake ɓoye gubar. Tsohon yana kwance a tabarma, ya zama ƙashi da fata. Da ya ji tana gaida matarsa sai ya juya fuskarsa bango. Ta ce a ranta, mara gaskiya ke nan.

Ranar Laraba da hantsi kukan Tsahara, matarsa, ya tsallako darni.

Mata suka taru ana ɗibar ruwan wankan gawa. Wasila ta shigo da tulu a ka, Tsahara ta riƙo zanenta ta ja ta ɗaki. Ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo bidon. An huda gindinsa da ƙusa mai zafi, wuri-wuri.

"Jiya da magariba yac ce in ba ki. Ya ce ki shinshina."

Wasila ta buɗe murfin. Warin bai da ƙarfi, amma duk wanda ya taɓa wucewa gonar wake bayan feshi ya san shi. Maganin ƙwari ne. Ta tuna Awal yana dama shi a ciki bara, ta tuna ita da hannunta ta wanke shi da toka da sabulu har sau biyu, ta ce ya fita.

"Kullum asuba shina zuwa shi zubda ruwan, shi zuba na goranai," in ji Tsahara. "Wata rana tsuntsaye su riga shi. Da yaj ji yarinya na kurɓa in ƙishi ya kama ta bisa hanya, shi na ad dalilin da yas sa ya ɗauke."

"Don mi bai hwaɗi ba, Inna? Don mi?"

"Shi hwaɗa ma wa? Ke, ba shi iya yi miki magana. Mushe kau, in yaj ji, sunan jikatai za shi ɓaci gaban 'yan uwanta. Cewa yay yi shi tsoho ne, nashi sunan ya kusa gama aiki."

Wasila ta zauna daɓas a ƙasa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta rasa wanda za ta fara yi wa kuka. Duk garin nan bakinta ne ya ɗora masa laifin, ga shi ana haƙa kabarinsa.

Da aka fito da makara ba ta tsaya cikin mata ba. Ta yafa gyale, ta ɗauki bidon ta bi ta rijiya, ta nuna wa duk wadda ta tarar. Daga nan ta wuce lakwal, ta ajiye shi a gaban Mushe Alamin ta faɗa masa komai, yara na leƙe ta taga.

Da yamma ta ɗebo ruwa a randar da suke sha, ta wanke kaskon ta cika shi. A gefensa har yanzu akwai ramukan da sandar tsoho ta bari a laka, sun bushe. Wata kurciya ta sauko ta tsaya a kusa da su, ta ɗan karkata kai, sannan ta tsoma baki.