Ƙaho Shida a Akwatin Ƙarfe

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan nan.

Ta zo mu ji, Kaka!

Ƙanen mijina, sarkin rowa, ya yar da tsohuwar na'urar waifai mai ƙaho ɗaya, ya sayo mai shida. Don kada maƙwabta su sha masa intanet, ya lanƙwashe ƙahonin ya kulle ta a akwatin ƙarfe. Ku ji wauta!

Ranar intabiyun aikin 'yarsa ta bidiyo, hoton ya daskare tana tsakar gaisuwa.

"Baba, buɗe akwatin nan!"

"Ke! In buɗe, unguwa ta sha a banza?"

Wata ta samu aikin. Yarinyar ta koma gun gwaggonta, maƙwabta ko labari ba su ji ba, shi kuwa har yau kayan zamani yake zagi.