Takalman Guguwa

Tun da mota ta buge Guguwa, karen tsoho mai gyaran takalma, ƙafafunsa na baya suka mutu. Jan su yake yi a kan siminti har fata ta saluɓe, kuma da yake ba ya jin zafi, sai ya kwanta yana gwaguyar yatsunsa kamar ƙashin da aka jefa masa.

Sau uku tsohon yana ɗinka masa takalma. Na roba har sau biyu ya cinye su, na fata mai tauri suka ƙara masa gyambo. Yau na huɗu yake ɗinkawa, fata a waje, auduga a ciki.

Ƙanen matarsa ya zo karɓar takalminsa na ofis, ya tsaya turus.

"Haba Yaya! Da basillar da kake ɗinka wa kare za ka taɓa nawa? Wannan ai tasa ta ƙare. Kai shi a yi masa allura ya huta, kowa ma ya huta."

Tsohon bai ɗago ba sai da ya ja zare ya ƙulle. Sannan ya jawo takalmin ofis ɗin, dunduniya a ɓalle yadda aka kawo shi, ya dire masa a gaba. Ya durƙusa ya zura wa Guguwa sabon takalmi, ya sa yatsa ya gwada ko ɗaurin ya matse.

"Ɗauki abinka," in ji shi. "Kai in ƙusa ta soke ka, duk unguwa sai ta ji. Shi ba ya ji, ni nake ji masa."