Hoton Lauya

Shekara talatin da biyu Baba Mai Hoto ya yi a shagonsa na bakin layi, tsakanin mai kemis da mai gyaran takalma, kuma a duk tsawon shekarun nan hoto bai taɓa fita daga hannunsa da aibi ba. In mutum ya zo da ƙuraje, sai ya share su. In ya zo a rame, sai ya ɗan cika masa kumatu. Da can da siririn buroshi yake yi, yanzu kuwa da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin niƙa.

Ran Talata da hantsi mai kemis ya leƙo shagon. Shi ne shugaban kwamitin layin, masu tara gudummawa idan ɗan wani ya kwanta ciwo mai tsanani. A wannan karon 'yar wani direban bas ce, yarinya 'yar shekara tara da kowa ke kira Lauya saboda ba a kayar da ita a gardama. Da rami a zuciya aka haife ta, bana kuma abin ya tsananta. Likita ya sa ranar yi mata aiki a ƙarshen wata, amma sai an biya kafin ranar. In ba a biya ba, za a ba wani gurbinta, ita kuma ta jira wata huɗu. Likitan bai ɓoye wa iyayen ba cewa da wuya zuciyarta ta kai.

"Baba, mun cije," in ji mai kemis. "'Yan layi sun yi iya yinsu, rabi muka samu. Sai mun fita waje. Hotonta muke so, a tura a waya, a manna a shaguna. Mutane ba sa ba takarda kuɗi, fuska suke ba."

"To me ya hana ka ɗauka da wannan wayar taka da ka dame mu da ita?"

"Uwarta ta ce in dai za a ɗauka, kai ne za ka ɗauka."

Baba ya rataya kyamara, ya ja ƙofar shago.

Ɗakin yara na asibitin gado takwas ne, na Lauya na kusa da taga. Ya tarar tana barci, robar iska a hancinta, leɓunanta sun yi duhu, wuyan hannunta bai fi yatsunsa biyu ba. Uwar tana gefe a kan tabarma tana ninke 'yan kayanta. Ta gaishe shi, ta ce ya ɗauka a haka, don in ta farka numfashi ke ba ta wuya. Ya ɗauka sau uku, ya yi musu sannu, ya fito.

Da ya zauna gaban kwamfuta, bai ma yi shawara da zuciyarsa ba, hannunsa ya kama abin da ya saba. Ya cire robar. Ya mayar wa leɓunan launinsu. Ya cika kumatun, ya share duhun ƙarƙashin ido, ya ɗauke ƙarfen gadon ya sa labule mai furanni. Ya tuna ranar da aka kawo ta hoton shiga makaranta tana yi masa musu a kan wace kujera za ta hau, sai ya bi wannan fuskar. Kafin la'asar ya wanke hoton ya kai kemis, yana jin daɗin aikinsa.

Mai kemis ya duba, ya sa tabarau ya sake dubawa.

"Baba, wace ce wannan?"

"Kamar ya wace ce? Lauya mana."

"Wannan ai ta fi ni lafiya! Wa zai ba da sisi a kan yarinyar da ke barcinta cikin furanni? Cewa za a yi 'yan damfara ne mu." Ya dafa kai. "Ina na ainihin?"

Baba ya nuna masa a bayan kyamara. Mai kemis ya duba, sannan ya ce a hankali, "Wannan. Wannan za a tura."

"Ba da hannuna ba."

"Haba Baba! Kwana tara ya rage."

"Na sani. Amma hoto ba ya mutuwa, ƙanena. Yarinyar nan za ta warke in Allah ya so, ta girma, wata rana ta ga kanta a wayar wani a haka, baki buɗe. Wa zai amsa mata? Kai?"

"In ba a samu kuɗin nan ba, girman ma fa..." Mai kemis bai ƙarasa ba.

Baba ya san gaskiya ce. Ya koma shago ya zauna, hotuna biyu a gabansa, ya rasa wanda zai kalla. Daga ƙarshe ya wanke na biyun ma, ya sa su a ambulan ɗaya. Ba shi ne mai yanke wannan hukunci ba, ba kuma mai kemis ba.

Washegari da safe suka tafi asibiti shi da mai kemis. Uwar ta fara zaro gyararren. Ta daɗe tana kallonsa, tana shafa kumatun da ɗan yatsa, hawaye na zuba ba ta share ba. Da ta zaro ɗayan, sai ta kife shi a cinyarta.

"Ku tura wanda zai kawo kuɗin," ta ce. "Ni dai kada a nuna mini."

"Me ake ɓoyewa?"

Muryar daga gado ta fito, siririya, tana tsayawa tsakanin kalmomi. Lauya ta farka, ta miƙo hannu. Uwar ta yi ƙoƙarin tura ambulan ƙarƙashin filo, amma yarinyar ta ce ai hotonta ne, kuma ba a tambaye ta ba aka ɗauka, saboda haka dole ta gani. Mai kemis ya kalli Baba, Baba ya kalli silin.

Ta duba na farko ta taɓe baki. "Tsoho, ina ka kai mini robata? Kuma labulen wa ka sato?"

"Ke, da kakanki kike magana," in ji uwar.

"Shi ya fara." Ta juya na biyu. "Wannan kuma bakina a buɗe. 'Yan ajinmu za su gani?"

"Za su iya gani," in ji Baba. Bai iya yi mata ƙarya ba.

"To ban yarda ba. Duka biyun."

Mai kemis ya durƙusa kusa da gadon, ya yi mata bayani dalla-dalla, yadda ake yi wa babba: ana buƙatar mutane su ga ba ta da lafiya don su taimaka, kuma lokaci ya ƙure. Ta saurare shi har ya gama.

"Kawu, ai ba ni da lafiyar ko ina zaune," ta ce. "A tayar da ni a ɗauka."

Aka ɗaga mata filo biyu. Ta sa uwar ta ɗaura mata shuɗin ɗankwalinta, ta kwance, ta sake ɗaurawa, don wai na farkon ya karkace. Ma'aikaciyar jinya ta zo za ta ɗan janye robar na minti ɗaya, Lauya ta riƙe hannunta, ta ce a bar ta, da ita take numfashi. Wannan ɗan shirin kaɗai ya sa gumi ya keto mata. Baba ya ɗaga kyamara, ya jingina gwiwar hannu da ƙarfen gado.

"Tsoho, yi sauri. Murmushin nan nauyi gare shi."

Ya danna.

A shago ya buɗe hoton ya zauna yana kallo. Ramar tana nan, duhun leɓe yana nan, robar ta ratsa kumatu zuwa bayan kunne. Idanun kuwa tar suke a kan mai kallo, kamar tana jiran ya faɗi wata magana ta ƙaryata shi. Sau biyu hannunsa yana kaiwa ga leɓunan, sau biyu yana janye shi. Daga baya ya tura hannuwan biyu cikin aljihu, ya kira mai kemis ya zo ya tura da kansa.

Kwana biyun farko shiru, har mai kemis ya daina haɗa ido da shi. A rana ta uku direbobin tashar da uban ke aiki suka manna hoton a gilashin motocinsu, fasinjoji suka fara tambaya. Malaman makarantarsu suka aiko da nasu. Wata mata da ba wanda ya san ta ta sauka daga bas, ta shiga kemis ta ajiye abin da ta ajiye, ta ce ita ma ta taɓa zaman wata uku a irin wannan ɗakin, ta tafi ba ta faɗi sunanta ba.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, Baba yana goge gilashin kanta da rana tsaka, sai ga direban, uban Lauya, a bakin ƙofa. Dogon mutum ne marar yawan magana. Ya tsaya yana juya makullin mota a hannu.

"Baba, daga asibiti nake. An biya. Sun ce gurbin nata ne, Alhamis ƙarfe takwas."

Baba ya ajiye tsumman. Ya jawo kujerar da masu ɗaukar hoto ke zama ya tura masa.

"Zauna, ɗana. Ka ci wani abu yau kuwa?"

Direban ya girgiza kai, ya zauna, ya rufe fuska da tafin hannu. Baba ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ya leƙa waje ya ɗaga wa mai kemis hannu ya zo.