Bugun Ƙofar Dogo

"Tashi mana, Dogo, wasan ya isa haka."

Dogo mai faci bai tashi ba. Yana kwance rub da ciki tsakanin tsofaffin tayoyi, takalminsa ɗaya ya fice. Mai Aski ya tsaya a kansa, tafin hannunsa bai daina zafi ba.

Tun da suka zama maƙwabtan shago wasansu ke nan. Mai Aski zai lallaɓo ya daki ƙofar kwanon shagon Dogo da tafi, Dogo ya zabura ya ce, "Kai, mai gwaiguyar kawunan mutane!" sai su bushe da dariya. Yau ma ya daka. Dogo ya yo waje a guje kamar an biyo shi, ya kife. Zagin bai zo ba.

Da Mai Aski ya birkito shi, sai ya ga tsumma dunƙule a hannunsa, jiƙe da sholisho, gam ɗin faci.

Nas mai kemis ta tsallako titi, ta kori mutane baya, ta durƙusa tana danna ƙirjinsa har gumi ya jiƙa mayafinta. Can ta dakata, ta shafe masa idanu. Salati ya zagaya a hankali.

"Tun yaushe yake shaƙa?" ta tambaya.

"Shaƙa kuma? Ai kayan aikinsa ne," in ji Mai Aski.

"Kayan aiki a hanci, Malam? Dubi ƙurajen gefen bakinsa."

Mai Aski ya san ƙurajen nan. Shi yake kewaye su da aska duk sati, yana ɗora laifin a kan sabulu. Warin da ke tashi daga gemun Dogo kuwa, warin sana'a yake ce masa. Ƙofar da ake turawa da tsakar rana, ya ɗauka gudun zafi ne.

Nas ta sassauta murya. "Mai shaƙar wannan, zuciyarsa da zare take rataye. Firgita ɗaya ta isa. Wani abu ya razana shi ne?"

Kafin Mai Aski ya amsa, matar Dogo ta ratso taron, goyo a baya, kwanon abinci a hannu.

"Yaya, faɗuwa ya yi?" ta ce wa Mai Aski, da sauran murmushi a fuskarta. "Tun daga lungu na jiyo ka bugi ƙofar, na ce yau ma ka kama shi."

Nas ta ɗago ta dube shi. Ta miƙe ta karɓi kwanon daga hannun matar kafin ya suɓuce.

Mai Aski ya zauna a kan taya, ya cusa hannunsa cikin hammata. A bahon ruwan da ke bakin shago, tiyub ɗin da Dogo ya tsoma don neman huji yana ta fidda 'yan kumfa, ɗaya bayan ɗaya, har suka ƙare.