Gatarin Aradu a Maƙerar Illo

A shekarar 1955, bayan an gama roron gyaɗa, wani manomi daga Tsauni mai suna Cha'ibu ya shigo maƙerar Illo da ke bakin kasuwar Matameye, riƙe da wani abu ƙunshe a tsumma. Illo ya kusa sittin, maƙeri ne ɗan maƙeri, kuma bahago. Cha'ibu ya ajiye ƙunshin nesa da ƙafarsa, ya ja da baya.

"Baba Illo, a gonata na tono shi. Gatarin aradu ne. Ku maƙera ku kuka san sirrinsa, ka raba ni da shi."

Illo ya kwance tsumman. Baƙin dutse ne sumul, tsawon tafin hannu, gefe ɗaya da kaifi. Ya sha ganin irinsa, kuma tun yana yaro ya san cewa tsawa ke jefo su.

A ranar kuwa Mushe Salisu, saurayin malamin lekwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Damagaram (Mushe laƙabin Faransanci ne da ake kiran malaman boko da shi), yana zaune kan kututture yana jiran a gyara masa ƙafar keke. Ya leƙo, ya ce, "Baba, wannan ai mutum ya yi shi. Mutanen da can, tun kafin a san ƙarfe, da irinsa suke saran itace."

Illo ya yi dariya har da tari. "Mushe, ka tsaya kan allonka. Shekara arba'in ina ƙera gatari, ban taɓa jin wanda ya ƙera shi da dutse ba."

"To duba bakinsa."

Illo ya shafa kaifin da babban yatsa don ya nuna masa ba komai. Sai ya sake shafawa. An wasa bakin ta fuska biyu, ɗayar ta fi kwanciya kaɗan, daidai yadda gatarinsa ke fitowa idan ya wasa da hagu. Ya juya dutsen, ya sake juyawa. Bai ce wa Mushe ya yi gaskiya ba, cewa ya yi, "In mutum ne ya yi, ni ma zan yi."

Rani ne, magidanta duk sun tafi ci-rani Kano, aiki ya ja baya. Illo ya hau jaki ya tafi wajen Tsauni, ya dawo da mangala cike da duwatsu. Na farko ya tarwatse da bugu ɗaya na masaba. Na biyu ya rabe gida biyu. A na uku ya tuna mutanen nan ba su da masaba, ya ajiye ta, ya ɗauki dutse yana ƙwanƙwasa ɗan'uwansa a hankali, kwana da kwanaki, har siffa ta fito.

Saura wasawa. Ya duba gidan duka bai ga abin da ya dace ba sai dutsen niƙan matarsa Safiyatu. Ta dawo daga rijiya ta tarar da shi durƙushe, ya zuba yashi da ruwa yana ta gurzawa.

"Malam! Gero ne wannan ko me?"

"Aiki nake, ke dai."

"To yau tuwon yashi za ka ci, kada ka ce ban faɗa ba."

Da ya ga abin zai zama rigima, ya sauke mata wani faffaɗan dutse daga cikin na Tsauni, ya sassaƙa mata shi da kansa, sannan aka bar shi da tsohon. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta kan danga suna tambayar ko niƙan ya yi laushi. Shi kuwa ko a jikinsa. Tafin hannunsa ya saɓule, gwiwoyinsa suka yi kanta, amma kullum da hantsi yana nan yana gurza yana 'yar waƙarsa. Mushe Salisu kan biyo bayan an tashi lekwal, ya tsuguna yana zuba masa ruwa.

Sai da aka yi kwana arba'in da 'yan kai bakin ya ɗauki kaifi. Illo ya huda ƙota, ya cusa dutsen, ya ɗaure da ɗanyar fata ya shanya. Ranar kasuwa ya sa aka jawo reshen aduwa mai kaurin cinya gaban maƙera. Kafin a ce wani abu mutane sun kewaye shi, har masu awon gero sun bar buhunansu.

Ya ɗaga ya sara. Gatarin ya yi tsalle baya, ko alama bai bari ba. Aka fashe da dariya. Illo ma ya yi dariyar, ya tofa yawu a hannu, ya karkata bakin, ya rage ƙarfi. Ɓawo ya tashi. Ya ci gaba da ƙananan sara, gumi na zuba, mutane suna ƙirga masa da baki ɗaya. Wajen sara na ɗari biyu reshen ya yi ƙara ya rabu. Mata suka rangaɗa guɗa, wani makaɗi da ke wucewa ya tsaya ya shiga wasa shi da kalangu.

Da taro ya watse, Illo ya zauna yana haki, ya jera gatura biyun kan buzu, nasa da tsohon. Ya daɗe yana dubawa.

"Mushe, su wane ne mutanen nan? Mene ne sunansu?"

"Ba wanda ya sani, Baba. Sun riga rubutu."

Illo ya girgiza kai yana murmushi. "To, wanda ya yi wannan gwani ne. Dubi nawa, baki a karkace kamar na ɗan koyo. Da yana raye da na kai masa goro ya koya mini."

Mushe ya roƙe shi ya zo lekwal ran Litinin ya nuna wa ɗalibai. Illo, wanda bai taɓa taka ƙofar lekwal ba, ya ce zai zo, amma a tanadi itace mai taushi, don kafaɗarsa ba za ta sake jure aduwa ba.