Talabijin ɗin Yaya Ya Yi Duhu

Tun da sabon fim ɗin Mutumin ya shigo gidaje, shagona bai huta ba. Ni mai gyaran talabijin ne, shekara ashirin da biyu ina shaƙar hayaƙin dalma, amma ban taɓa ganin makon da lafiyayyun talabijin suka yi min layi irin wannan ba. Kowa ya shigo da nasa a rungume, kukansa ɗaya ne: hoto ya yi duhu. Sai in jona, in kamo tashar labarai, ga mai karantawa nan tas har gumin goshinsa. In tambaya me aka kalla jiya, a ce min fim ɗin Mutumin. Sai in ce a ɗauka a koma gida, a ja labule a sake kallo, duhun na fim ɗin ne.

Mutumin shi ne jarumin nan mai rufe fuska da baƙin ƙyalle, mai bin sawun miyagu a lungunan birni. Yana da sunansa, amma a gidanmu ba a faɗa. Mutumin kawai muke cewa, kamar wani ɗan'uwa da ya yi nisa yake leƙo mu bayan 'yan shekaru. Yayana ne ya kawo shi gidan. Ina da shekara shida, shi yana da sha shida, ya ja hannuna zuwa silima. Ban jin yaren da suke yi, ga kawunan manya sun tare min rabin allon, sai ya sa baki a kunnena ya riƙa ba ni labarin tun daga farko har ƙarshe, har da muryoyin miyagun. Fim na biyu kuwa, wanda wani mugu mai haƙoran zinariya ya tsayar da babban agogon birni, shi ya mayar da Yaya mai gyaran agogo. Ya ce tunda ya ga Mutumin ya hau cikin agogon nan yana lalubar haƙoran injinsa, bai ƙara sha'awar wata sana'a ba. Teburinsa mai akwatin gilashi yana nan a ƙofar shagona har yau.

Kusa da mu shagon mai aski ne, kuma nan kotun fim take zama. Mai aski ya kalli sabon sau huɗu. Yakan tsaya da rabin kan mutum a aske ya ɗauko waya ya karanta mana abin da duniya ke cewa.

"Ku ji wannan," ya ce da hantsin wata Talata. "Wata mata ta ce sai yanzu aka ba mu mai bincike na gaskiya. Da can duka kawai yake yi, yanzu durƙusawa yake ya duba sawun takalmi. Wallahi ta yi gaskiya. Ga wani kuma ya ce ya fito silima bai iya magana ba har ya isa gida."

"Ai dole ya kasa magana," in ji Yaya daga ƙofa, "tunda bai ga komai ba."

Aka yi dariya. Yaya ya shigo ya zauna a benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, alamar za a daɗe.

"Na da, in Mutumin ya shigo ɗaki ka san ya shigo. Ya doki ƙarti ashirin rigarsa ba ta yamutse ba. Ko na ukun nan da suka sa shi rawa, wanda muka yi alkawarin ba za mu ƙara ambatonsa ba, aƙalla ka ga rawar. Wannan kuwa sun ɗauki fim a cikin buhu, sun ɗaure bakin, sun miƙo mana."

"Haba Yaya," in ji mai aski, don duk layin Yaya suke ce masa. "To wurin da ya tsaya a kan gada fa, fitilar jirgin ƙasa ta haska rabin fuskarsa? Ai ni a nan tsigar jikina ta tashi."

"Wace gada?"

"Gadar ƙarshe mana."

"Ban kai ƙarshen ba. Ni ba na cin abinci a duhu."

Ni dai ina tare da mai aski, ko da yake ban faɗa a gaban Yaya ba. Fim ɗin ya kama ni. Wannan Mutumin siriri ne, idanunsa na wanda bai samu barci ba, yana yin kuskure ya dawo ya gyara. Duhun kuma ba na ganganci ba ne. Ni da na san baƙi kala-kala ne, na ga yadda suka jera shi, baƙin riga daban, baƙin bango daban, baƙin ruwan kwalta daban. Wanda ya yi wannan aikin ya san hannunsa.

Ranar Laraba Yaya ya kawo nasa talabijin. Na ce masa lafiyarsa ƙalau. Ya ce, "Auta, ni na koya maka riƙe sukundireba. Ƙara masa haske." Na ƙara. Ranar Asabar ya dawo da shi a bayan mota. Na sake ƙarawa, har baƙar rigar Mutumin ta koma kalar toka, abin ya yi min ciwo kamar an sa ni in zuba ruwa a shayin wani. Ranar Litinin sai ga shi kuma, karo na uku.

A tsakanin nan na ga wasu abubuwa da ban haɗa su ba sai daga baya. Wata malamar makaranta ta dawo da agogonta, ta ce min a hankali, don Yaya ba ya nan, an maƙala dogon hannun a wurin gajeren. Yaya, wanda yake ɗaukar sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba da hantsaki yana hira. Na kuma lura ya juya teburinsa ya fuskanci rana, shi da kullum yake gudunta. Kuma kwana biyu in an tambaye shi lokaci, sai ya miƙa wa mutum hannunsa ya ce, "Duba da kanka, ai ba a biya."

Ina da wata al'ada a wurin aiki. Duk talabijin ɗin da na gama, nakan sa masa hoton gwaji: sanduna goma sha biyu a jere, daga fari tas suna ta dusashewa har baƙi ƙirin. In talabijin na da lafiya, mai shi zai ƙirga sha ɗaya, ko sha biyu in idonsa na da kaifi. Ranar Litinin ɗin na mayar da hasken na Yaya daidai yadda kamfani ya sa shi, na sa sandunan, na kira mai aski kamar da wasa.

"Nawa ka gani?"

"Sha biyu. Ka sallame ni, na bar kan mutum da kumfa."

Ya fita. Na juya ga Yaya. Ya matso, ya ƙanƙance ido, leɓunansa na motsi.

"Bakwai," ya ce. "Ka gani ko? Na gaya maka ya lalace."

Shekara ashirin da biyu ina gwada talabijin da sandunan nan, ban taɓa tunanin ranar da za su gwada min ɗan'uwana ba. Na dubi idanunsa da kyau a hasken ƙofa, abin da ban yi ba tun ban san yaushe ba, sai na ga wani fari-fari a tsakiyar baƙin, kamar hucin numfashi a jikin gilashi.

Ban tayar da maganar a shagon ba. Yaya mutum ne da in ka tare shi a gaban jama'a, to ka rasa shi na wata guda. Na ce zan kawo masa gida da kaina.

Da ƙarfe huɗu na isa. Matarsa ta tare ni a baranda tana tsane hannu.

"Kin sani?" na tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Wata biyar," ta ce. "Na yi maganar likitan ido sau ɗaya, kwana uku bai ci abincina ba. Ya ce in aka ji mai gyaran agogo ya je asibitin ido, wa zai ƙara ba shi agogo? Kai dai gwada, ƙaninsa ne kai."

Na ɗora talabijin a kan kabad, na ja labulaye duka biyu, na sa fim ɗin daga farko. Yaya na kan doguwar kujera, hannuwansa a harɗe.

"Ka gyara?"

"Na mayar da shi yadda yake."

"To ai ga shi nan, buhu."

Maimakon in zauna a kujerar gefe, sai na zauna kusa da shi har kafaɗarmu ta haɗu. Na kai bakina kusa da kunnensa.

"Yanzu yana tsaye a bakin wani lungu," na ce. "Ruwan sama na zuba a kafaɗarsa. Ga wata fitila ja can nesa tana kashewa tana kamawa."

Ya ɗan janye, amma bai tashi ba.

"Ruwan sama?"

"Tun da aka fara ake yinsa, Yaya."

Can ya ce, "Na ɗauka tsaki-tsakin talabijin ne."

Na ci gaba. Na gaya masa yadda Mutumin ya durƙusa kusa da gawar alƙali, 'yan sanda na ta surutu a kansa shi ko kallonsu bai yi ba. Na gaya masa ya ɗaga hannun mamacin ya duba agogonsa, ya ga ya tsaya ƙarfe tara da kwata, sai ya juya shi ya kalli bayan.

"Me ya gani a bayan?" Yaya ya tambaya da sauri.

"Ƙarce a gefen murfin."

"Sabo?"

"Yana ƙyalli."

"An buɗe shi ke nan. An tsayar da shi da hannu don a ɓata lokacin kisan." Ya buga cinyarsa. "Kuma ba mai sana'a ne ya buɗe ba, mai sana'a ba ya barin ƙarce. Ya gane?"

"Ga shi nan yana gaya musu abin da ka faɗa."

"Yaron nan yana da kai," in ji Yaya. Muryarsa ta sauya, ta koma irin wadda na sani a silima shekara arba'in da suka wuce. "Ashe duk wannan na ciki."

Haka muka yi sa'a biyu. Maƙogwarona ya bushe, matarsa ta ajiye mana ruwa ta fita. Na yi masa muryar mugun, ya ce ban iya ba, shi ya fi ni. Da Mutumin ya zargi wanda ba shi da laifi ya dawo yana ba da haƙuri, Yaya ya girgiza kai ya ce na da ba su taɓa yin wannan ba, kuma da sun yi da sun fi haka. Ina ba da labarin ina jin tausayin Yaya, har sau biyu na yi kamar tari ne ya tsayar da ni.

Sai ƙarar jirgin ƙasa ta fara tasowa daga nesa.

"Yanzu yana hawa matakalar gada," na ce. "Ya..."

Yaya ya dafa gwiwata.

"Tsayar da shi."

Na danna rimot. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙas-ƙas ɗin agogunan bango guda uku da bai taɓa bari su saɓa da juna ba.

"Wannan ce gadar da mai aski yake faɗa?"

"Ita ce."

"Sandunan nan naka, da gaske sha biyu ne?"

"Sha biyu ne, Yaya."

Ya daɗe yana kallon allon da ba ya gani. Sannan ya laluba aljihun rigarsa, ya ciro ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai buɗe agogo, ya juya shi a tafin hannu, ya sa min a nawa.

"Riƙe min wannan. Ka tambayi matar tawa wace rana likitan yake zama, na san ta riga ta bincika." Ya gyara zama. "Kuma kada ka gaya min abin da ya faru a gadar. Kada ka ƙara masa haske ko ɗigo. Ka bar min shi a nan inda ya tsaya, wannan da idona zan gani."